Saran maciji: a ɗaure wurin ko kar a ɗaure?

Ɗan_Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, ina kuma roƙon waɗanda suka san abin su amsa. Damina ta kankama, kowa ya koma gona, a ƙauyenmu kuwa da wuya a yi shuka har a kai girbi maciji bai sari wani ba. Abin da muka tashi muka tarar shi ne, da zarar ya sari mutum sai a nemo igiya ko robar tayar keke a ɗaure saman wurin tamau don kar dafi ya hau zuciya, sannan a tsaga da reza a matse jinin. Jiya a wurin rabon taki wani ma'aikacin lafiya ya ce mana wannan duk ɓarna ce, wai ɗaurin ne ma ke sa a yanke wa mutum ƙafa. Dattawa suka yi masa ca. Daga garinmu zuwa babban asibiti tafiya ce mai nisa a kan babur, hanya kuma duk caɓi. To idan ba a ɗaure ba, me za a yi wa mutum kafin a isa?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan dattawa. Ka toshe bakin kwata, ta ina ruwa zai wuce? Haka dafi yake. Iyayenmu da kakanninmu sun yi noma a cikin macizan nan tun kafin a san asibiti, kuma da ɗaurin suka rayu. Kar a zo da sabon abu a sa mutane su zuba ido ɗan'uwansu na mutuwa.

Sista_Rabi:
Wa alaikumus salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina karɓar irin waɗannan majinyata. Ma'aikacin da ya yi muku bayani gaskiya ya faɗa. Baban Khalifa, ka yi haƙuri in yi maka bayani.

Ɗauri tamau jini yake tsayarwa, ƙafa kuwa da jini take rayuwa. Idan aka tsayar da shi ya daɗe, nama ya fara mutuwa ke nan ko da babu dafi. Ga kuma dafin an tara shi wuri ɗaya, alhali dafin kasa da na kumurci aikinsu cin nama ne. Sai a kawo mana mutum ƙafa ta kumbura ta yi baƙi, robar ta nutse cikin nama har ba a ganinta. Dafin a warkar da shi, ƙafar kuma a rasa ta.

Tsaga ta fi ɗauri muni a yankinmu. Macijin da ya fi kashe mutane a Arewa kububuwa ce, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda jininsa ba ya daskarewa ka sa masa reza, wa zai tsayar da wannan jinin? Na ga tsagar da ba ta kai tsawon farce ba ta jiƙe zani sharkaf.

Abin yi kuwa: a janye mutum daga inda macijin yake. A kwantar masa da hankali, a zaunar da shi ko a kwantar da shi, kar ya yi gudu, kar ya taka da ƙafarsa. A cire zobe, agogo, awarwaro, takalmi, duk abin da zai matse idan kumburi ya taso. A samo kara ko sanda a jera gefen ƙafar ko hannun a naɗe da ƙyalle sako-sako yadda masu ɗori ke yi, don kawai gaɓar ta daina motsi. Dalili shi ne dafi ya fi bin ƙananan hanyoyin ruwan jiki da ke ƙarƙashin fata, motsin tsoka ne kuma ke tura wannan ruwan. In gaɓa ta tsaya cik, dafin tafiyar hawainiya yake yi. Daga nan sai asibiti, ba tsayawa ko'ina. In yana amai a kwantar da shi ta gefen hagu don kar ya shaƙe.

Ɗan_Fadama:
Na gode Sista, Allah ya saka. Amma kin ce kar ya motsa, mu kuma babur ne kaɗai motarmu. Yaya za a haɗa biyun?

Mai_Jan_Babur:
Wannan fannina ne. A ƙauye nake acaɓa, na sha ɗaukar wanda maciji ya sara. Mutum uku ake hawa: ni a gaba, majinyaci a tsakiya, wani mai ƙarfi a baya ya rungume shi, don wani yakan ga jiri a hanya ya sulale. Ƙafar da aka sara kar a bar ta tana lilo kusa da salansa ko tana dukan ƙasa, na bayan ya tallabe ta. Daga cikin gona zuwa bakin hanya kuma a ɗauko shi, ko a goye, ko a sa shi a amalanke ko baro. Abin da ke ba ni haushi shi ne sai an gama zagaye gari ana neman mai magani, rana ta faɗi, sannan a buga mini waya.

Sista_Rabi:
Mai babur ya gama magana. Kar mutum ya tuƙa kansa kawai. Kuma wani ya duba agogo ya riƙe lokacin da abin ya faru, shi ne tambayar farko da za mu yi muku. Idan zafi ya dame shi, farasitamol kaɗai. Banda asfirin, banda ibuprofen, banda diclofenac, duk suna ƙara zubar jini.

Ɗan_Tangale:
Ni daga yankin Kaltungo nake a jihar Gombe, inda asibitin saran maciji yake. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kububuwa. 'Yar ƙarama ce, da ƙyar take kai kamu ɗaya, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, in ta fusata sai ta naɗe tana goga jikinta kana jin wani sauti kamar ana yayyafa ruwa a wuta. Mugun halinta shi ne mutum yakan ji sauƙi bayan saran. Ɗan kumburi, ɗan zafi, ya ce ai ba komai, ya koma gida ya ci tuwo. Washegari ko jibi sai dasashi ya fara jini, tsohon miki ya ɓalle, fitsari ya yi ja. Wani a cikin kai jinin ke zuba, sai ciwon kai mai tsanani, daga nan sai suma.

Yayana da aka kai can, a gabana aka ɗebi jininsa kaɗan aka zuba a wata 'yar kwalbar gilashi busasshiya, aka ajiye a kan tebur ba mai taɓawa har minti 20. Da aka karkata kwalbar sai jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo, ko alamar guda babu. Nan take aka ɗaura masa maganin kashe dafin ta jijiya. Bayan awa 6 aka sake gwadawa, aka juya kwalbar jini ya tsaya cak. Shi kuwa a lokacin gwajin farko zaune yake yana hira da mu, yana cewa a bar shi ya tafi gida. Shi ya sa nake cewa kar wanda ya yarda da "ai na ji sauƙi". Mutane daga Bauchi, Taraba, Adamawa, Borno duk suna zuwa Kaltungo. Na Filato kuma suna da Zamko ta wajen Langtang.

Gwaggo_Mairo:
'Ya'yana, ku dai bi a hankali wajen raina maganin gargajiya. A garinmu akwai gidan da suka gaji maganin maciji kaka da kakanni. Ɗan ƙanwata aka sara a wajen ɗebo itace, aka kai shi, aka ba shi jiƙo ya yi amai, aka shafa masa wani gari. Yau ga shi nan da matarsa da 'ya'yansa. Ko kwabo ba su karɓa ba sai goro. Asibiti kuwa kafin a taɓa ka sai an ce kawo kaza kawo kaza. Talaka ina zai sa kansa?

Malam_Jibo:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Ba wanda ya ce ɗan ƙanwarki bai warke ba, tambayar ita ce me ya warkar da shi. Ni malamin kimiyyar halittu ne a sakandare. Macizai da yawa a dajinmu ba su da dafin da zai kashe mutum. Mesa ma duk girmanta ba ta da dafi. Sannan ko mai dafin, ba kullum yake zuba dafi ba in ya kai sara, wani lokaci haƙori kawai yake kafawa don tsoratarwa. Duk waɗannan mutanen za su tashi ko an ba su jiƙo ko ba a ba su ba, sai a ce mai magani ya iya. Ita kanta kububuwa, in ba a yi magani ba, cikin mutum goma da ta zuba wa dafi ɗaya ko biyu ne ke mutuwa, sauran su sha da ƙyar. To mai magani yana da mutum takwas masu yi masa shaida a kasuwa, biyun da suka tafi kuwa sai a ce kwana ne ya ƙare. A asibitin da ke da magani mai kyau, waɗanda ke mutuwa ba su kai biyu cikin ɗari ba. Wannan tazarar rayukan mutane ce.

Jiƙon sa amai kuma yana da nasa haɗarin, don wanda dafi ya fara kashe masa maƙogwaro zai iya shaƙar aman.

Gwaggo_Mairo:
Na ji bayaninka Malam, kuma ban ƙi ba. Amma maganar kuɗin fa ba ka taɓa ta ba. Mace ce a ƙauye, miji ya tafi cirani, ɗanta aka sara da dare. Gidan mai magani na bayan katangarta. Ka ce mata ta yi yaya?

Hauwa_Gidan_Gona:
Wallahi Gwaggo nan kin taɓo inda ke ciwo.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum, ni daga Nijar nike. Wajenmu abin da mutane sunka fi yarda da shi baƙin dutsen nan ne. Ana saida shi kasuwa, kusan kowane manomi na da shi cikin aljihu. In maciji ya ciji mutum sai a ɗan tsaga a ɗora, shi kama wurin da kansa, in ya faɗi a ce ya tsotse dafin, a jiƙa shi cikin madara a aje don gaba. Ni da idona na ga yadda yake mannewa. In ba ya aiki, mi ke sa shi kamawa? Don likita da nisa take gare mu, kuma ba kowace ke da allurar kashe dafin ba.

Malam_Jibo:
Ɗan'uwa na Maraɗi, abin nan ba dutse ba ne, ƙashin saniya ne da aka ƙona. Yana da ƙananan ƙofofi, shi ya sa yake manne wa duk wuri mai danshi. Ɗora shi a harshenka ma zai kama. Jini da ruwan saman miki yake sha, dafin kuwa yana can cikin nama inda haƙori ya kai shi. An gwada shi a ɗakin bincike, bai hana dafi aiki ba. Ga tsagar da ake yi kafin a ɗora, ga zaman jiran ya faɗi. Tsotsa da baki da ƙahon wanzami duk layinsu ɗaya.

Ustaz_Abu_Maryam:
Bismillah. Na ga ana neman a raba mutane gida biyu, masu tofi da masu asibiti, alhali addini bai raba ba. Ya tabbata a Bukhari cewa wani sahabi ya yi wa shugaban wata ƙabila da wani abu mai dafi ya harba tofi da Fatiha, Annabi (SAW) kuma ya tabbatar da hakan. A Bukharin dai ya zo cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Saboda haka wanda ke bayan babur ya riƙe majinyaci yana karanta masa Fatiha, babur na tafiya. Ba sai an shimfiɗa tabarma an zauna ba. Kuma mu riƙe addu'ar maraice, A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Game da tambayar Gwaggo, wannan nauyi ne a kan jama'ar gari. Yadda ake karo-karon gyaran rufin masallaci, a yi asusun da za a taɓa in irin wannan ta faru, a ajiye shi hannun amintacce.

Alhaji_Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina so in ƙara wani abu da ba a faɗa ba. Isa asibiti ma bai wadatar ba sai an dace da maganin da ya dace. Mu nan Ghana an ga haka. A wani asibitin karkara da ke tsakiyar ƙasar an sauya maganin da aka saba da shi aka kawo wani daga Indiya mai araha. Masu mutuwa daga saran kububuwa suka tashi daga kashi 1.8 cikin 100 zuwa kashi 12.1. An wallafa binciken a 2008. Dalili kuwa an haɗa shi ne da dafin macizan Indiya, tasu kububuwar daban take da tamu. Kwalba ga ta nan, hoton maciji a jiki, amma ba ta san dafin namu ba.

Mai_Kemis_Sabon_Layi:
Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma abin ya shafi sana'armu. Duk wanda aka rubuta wa ya sayo, ya karanta jikin kwalin ko ya ba wani ya karanta masa: wane maciji aka rubuta? In ba a ga Echis ocellatus ba, wato kububuwar Afirka ta Yamma, a koma a tambayi likita kafin a biya. Ba kowane na Indiya ne haka ba, akwai waɗanda suke haɗawa musamman don Afirka, sunan macijin ne abin dubawa. A Najeriya waɗanda aka fi sani su ne EchiTAb-G, na kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus da ya haɗa kububuwa da kasa da kumurci mai tofi. A da akwai Fav-Afrique na kamfanin Sanofi na Faransa, suka daina yi a 2014, ragowar ya lalace a 2016.

Roƙona ga 'yan uwana masu kemis: kar wanda ya yi wa mutum wannan allurar a shago. Ta jijiya ake ba da ita, kuma jikin wani yakan ƙi ta nan take, ƙaiƙayi, kumburin fuska, numfashi ya sarƙe. Sai inda ke da allurar adrenalin a kusa da wanda ya san aikinta. Allurar ɗuwawu ma kar a yi wa wanda kububuwa ta sara, jini zai taru a wurin.

Ɗan_Tangale:
EchiTAb ɗin nan da macizan ƙasarmu aka yi shi. Ana kama su a kai Liverpool ta Ingila a tatsi dafin. Na farkon a jikin tumaki ake haɗa shi a Birtaniya, na biyun a jikin dawaki a Kosta Rika. A Kaltungo aka gwada su a kan majinyata 400, sakamakon ya fito a 2010. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka daɗe suna wannan aikin. Abin da ke damuna shi ne macijin namu, majinyacin namu, amma har yau sai an jira jirgi ya kawo maganin.

Jauro_Na_Rugga:
Ku yi mini uzuri, na shigo a makare. Mu makiyaya wanda ya fi damunmu shi ne mai fasa kai yana tofi. Ƙanena yana buɗe akurki da asuba ya watsa masa a ido. Ihu yake, ido ya yi jajur ya rufe. Babu ruwa kusa sai ƙwaryar madarar da aka tatso, da ita mahaifiyarmu ta yi ta wanke masa. Idon ya warke. Daidai ta yi ko sa'a ce? Don wasu sun ce da ta matsa masa ganye.

Sista_Rabi:
Jauro, Inna ta yi daidai, Allah ya saka mata. Ruwa mai tsabta shi ne gaba, a buɗe fatar idon a yi ta kwarara shi da yawa, buta bayan buta, har kamar minti 15. In babu ruwa, madara ta yi. Kar a murza, kar a matsa ganye ko lemon tsami ko kwalli. Bayan nan a je a duba idon ko da ya lafa, don dafin yakan ƙuje baƙin ido, in ƙwayar cuta ta shiga wurin sai makanta. Tofin a kan lafiyayyar fata kuwa wankewa kawai ake yi.

Baban_Khalifa:
Ina nan ina karantawa. Na yarda da maganar reza, wannan na bar ta. Amma a koma kan ɗauri. Na ga bidiyo a Facebook, Turawa da kansu suna naɗe ƙafa da bandeji tun daga yatsu har cinya. In ɗauri ɓarna ne, su me ya sa suke yi?

Dr_Na_Ƙauye:
Baban Khalifa tambayarka tana kan hanya. Ni likita ne a asibitin karkara. Abin da ka gani daga Ostireliya ya samo asali. Macizansu galibi dafinsu jijiyoyi da jini yake kamawa, ba ya cin naman wurin sosai. Naɗin kuma da bandeji mai faɗi mai talewa ake yi, da matsi daidai gwargwado, jini na ci gaba da zagayawa, sannan a sa sanda. Ya sha bamban da robar taya a wuri ɗaya. Ko waɗanda aka koya wa sukan kasa daidaita matsin.

A wajenmu yana da amfani ne kawai idan an tabbatar macijin mai shanye jiki ne, wato irin mai fasa kai wanda ba ya tofi, wasu wuraren gamsheƙa suke ce masa, ko da yake sunayen na sauyawa gari zuwa gari. Alamarsa fatar ido ta riƙa faɗuwa kamar mai jin barci, gani ya rabu biyu, miyau na dalala, magana ta sarƙe, daga nan numfashi. Wannan ya fi kowanne gaggawa, kuma in numfashi ya tsaya a hanya a hura masa baki da baki, kar a fid da rai, mutum kan dawo sarai in aka riƙe masa numfashi. Amma mafi yawan waɗanda ake kawo mana kububuwa ce, sai kasa da kumurci, su kuwa naɗin matsi ƙara musu ɓarna yake yi. Tun da yawanci da dare ne ko cikin ciyawa ba a ga macijin da kyau ba, shawarata ita ce ta Sista.

Abu ɗaya: in ka tarar an riga an ɗaure tamau kuma asibiti ya kusa, ka bari mu kwance da kanmu bayan mun shirya, ka faɗa mana tun yaushe aka ɗaure.

Hauwa_Gidan_Gona:
Likita, to a kashe macijin a taho da shi don ku gane irinsa?

Dr_Na_Ƙauye:
A'a Hajiya. Garin farautarsa ake samun majinyaci na biyu. In an riga an kashe, a ɗauko da sanda a sa a buhu, kar a taɓa kan da hannu, don kan maciji na iya sara ko bayan an datse shi. Hoto daga nesa ya wadatar. In ma babu, gwajin jini da alamun jiki za su nuna mana.

Matashi_Manomi:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa gwamnatoci ba su ɗauki abin da zafi ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara maciji na saran mutum kusan miliyan 5.4, tsakanin 81,000 zuwa 138,000 na mutuwa, waɗanda ke nakasa kuma sun ninka haka kusan sau uku. Sai a 2017 ta mayar da shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 ta sa burin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Har rana aka ware, 19 ga Satumba. Amma je ka ƙaramin asibitin ƙauye ka tambaya. Don manomi da makiyayi ne abin ke ci, shi ya sa ba a jin kukan.

Hauwa_Gidan_Gona:
Kafin gwamnati ta waiwayo mu, akwai na hannunmu. Tun da aka sari wata maƙwabciyata tana barci a tabarma a tsakar gida, na hana kowa kwana a ƙasa ba gidan sauro, kuma a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Kumurci ɓera da kwaɗo da ƙwan kaji yake biyowa har ɗaki. Na raba buhunan hatsi da ɗakin kwana, na matsar da tarin itace da akurki nesa da ƙofa, na toshe ramukan ɓera. Yara ba mai fita bayan gida da dare ba tocila. Lokacin girbi kuma kar a cusa hannu ƙarƙashin dami ko tarin gyaɗa, a fara juyawa da sanda. Maigidana da ƙyar ya yarda da takalmin roba mai tsawo, wai zafi, yanzu ba ya shiga gona ba shi.

Amaryar_Bana:
Don Allah Sista, mai ciki fa? An ce allurar na zubar da ciki. Kuma yaro ƙarami rabi ake ba shi?

Sista_Rabi:
Ƙanwata, dafin ne ke zubar da ciki, don yana sa mahaifa zubar jini. Mai ciki ita ta fi kowa buƙatar a yi sauri da ita. Yaro kuma daidai da babba ake ba shi, saboda maciji bai rage dafi don yaro ne ba, jikin yaron ma ya fi ƙanƙanta a kan dafin. Kuma kowa a tuna a tambayi allurar tetanus kafin a sallame shi.

Ɗan_Fadama:
Jama'a na gode ƙwarai. Ranar Juma'a bayan an sauko zan karanta wa mutanenmu wannan a ƙofar mai gari. Zan kawo maganar asusun da Ustaz ya faɗa, a kuma samu masu babur biyu da za a riƙa kira ko tsakar dare ne. Abin da na san za a tambaye ni shi ne wane asibiti za a nufa, don na kusa da mu ban taɓa jin an ce suna da allurar ba.

Mai_Jan_Babur:
Ka je da ƙafarka tun yanzu ka tambaya, ka karɓo lambar wani ma'aikaci a can. In abu ya faru a kira kafin a tashi, in babu a wuce gaba kai tsaye. Na taɓa kai yaro wani asibiti aka ce babu, muka juya, man babur ya ƙare a hanya. Tun daga nan da damina ba na kwana tanki ba mai.

Gwaggo_Mairo:
Ku sa masu maganin gargajiyar a cikin zaman nan na Juma'a. In kun ware su, mutane wurinsu za su ci gaba da zuwa a ɓoye. In kun girmama su, su da kansu za su ce a wuce asibiti.

Baban_Khalifa:
Na bar reza, na bar roba. Amma gaskiya in dare ne, ban ga macijin ba, tafiya kuma ta awa uku ce, zuciyata ba za ta bar ni in ɗauki ɗana haka ba ko ƙyalle. Likita, in na naɗa sako-sako yadda yatsa zai shige ƙarƙashi, akwai laifi?

Dr_Na_Ƙauye:
In yatsa na shigewa ba zai cutar ba, amma kuma ba ya tare dafi. Ka yi amfani da ƙyallen wajen ɗaure sandar a jikin ƙafar, sama da ƙasan gwiwa, nan ne zai yi maka aiki. Ka riƙa dubawa a hanya, don in kumburi ya hau, abin da ke sako-sako ɗazu zai koma tamau, sai ka sassauta.